Hassada Ga Mai Rabo Taki

Da zarar Sallah ta matso, sitatus ɗin WhatsApp na 'yan kasuwar unguwannin Nima da Maamobi a Gana sai ya cika da magana guda: hassada ga mai rabo taki. Mai abaya ta saka ta, tela ya rubuta ta ƙarƙashin hoton kaftani, har mai tallar turare ba a bar shi baya ba. Ma'anar ba ta buƙatar malami, sharrin da maƙiyi ya watso maka shi zai ciyar da gonarka in Allah ya rubuta. Abin da ya dame ni shi ne wanda ake jifa da ita. Sau da yawa laifinsa ɗaya ne, sunansa ya fito a jerin waɗanda suka kalli sitatus, kuma sana'arku ɗaya.

Akwai wata baiwar Allah a Maamobi da ke sayar da abaya da mayafai daga ɗakinta. Ba ta da shago. Wayarta ce shagon: kaya su iso daga Dubai, ta shimfiɗa farin zanen gado kusa da taga da hantsi, ta ɗauki hoto, ta saka farashi, a biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, yaro ya kai a babur. Sai ta lura wata maƙwabciyarta mai irin wannan sana'a ita ce kullum ta farkon kallo, ko da ƙarfe biyun dare aka saka. Ba ta taɓa saye ba, ba ta taɓa cewa "Allah ya kawo kasuwa" ba. Sai matar ta ɓoye wa maƙwabciyar sitatus. Bayan kwana kaɗan sai ga lambar ƙanwar maƙwabciyar a jerin. Ta toshe ita ma. Daga nan aka shiga habaici, wannan ta saka karin magana da safe, waccan ta mayar da martani da la'asar, masu saye suna kallo suna dariya. Ranar wani suna suka haɗu, babbar ta ce, "Yarinya, me kike nema a wayata?" Ita kuwa ta ce, "Haba Hajiya, ai don a gani kika saka."

Kuma gaskiyar yarinyar ce. Je kasuwar Nima ranar Laraba ka ga masu hatsi da masu kayan yaji zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa na jin farashin da na kusa da shi ya faɗa, kowa na ganin buhun da ya fi saurin ƙarewa. Ba wanda ya kira wannan hassada, ciniki ne. Malamai ma sun bambance: hassada ita ce burin ni'ima ta gushe daga hannun ɗan'uwanka, amma son samun irin nasa ba tare da ya rasa ba, wannan bai haramta ba. Mai kiran duk mai kallonsa mahassadi ya yi wa kansa hukunci biyu a lokaci ɗaya, ya naɗa kansa mai rabo, ya kuma karanta zuciyar wani daga allon waya. Ko ɗaya ba ya hannunsa.

Da labarin ya tsaya nan, da sai in ce Hajiya ta yi haƙuri kawai. Bai tsaya ba. Wata rana ta ga hotonta, da zanen gadonta da hasken tagarta, a shafin TikTok na waccan, an rage farashi. Wata mata ta biya, aka kai mata abaya mai yadi mara nauyi, ta zo ƙofar Hajiya da faɗa, don ta gane ɗakin da ke cikin hoton. Wannan ba kallo ba ne kuma, zamba ce, kuma sunan da ya ɓaci na mai gaskiya ne. Ina takin yake a nan? Za a ce ai yanzu ta koyi rubuta suna da lambarta a tsakiyar kowane hoto, ta daina saka farashi a fili sai an tambaya, ta koma yin bidiyo da muryarta tana murza yadin a gaban kyamara. Haka ne, ta ƙara wayo. Amma wayon nata ne, da kuɗin datarta da rashin barcinta ta saye shi. Ban ga dalilin gode wa ɓarawo ba.

Wanda ke ganin kwaikwayo kullum alheri ne ga wanda aka kwaikwaya, ya tambayi ma'aikatan masaƙun Gana. A 1977 masana'antar yadi ta ƙasar na ɗauke da mutum kusan 25,000. Zuwa 2005 ba su kai 3,000 ba. Dalilai da yawa ne, amma babba a cikinsu shi ne atamfa mai arha da ake shigowa da ita, wadda aka kwafi zanen masaƙar GTP da na masaƙar Akosombo, wani lokaci har da tambarinsu. Gwamnati ta kafa kwamitin kamawa da ƙona irin wannan kaya a 2010, duk da haka ba su bar kasuwa ba, domin mai sayen kayan Sallar 'ya'ya biyar aljihunta take dubawa. Masu zanen nan ba su da rabo ne? Mai son kare karin maganar zai ce e, tunda sharaɗin yana ciki: ga mai rabo. To in haka ne, maganar ba ta taɓa faɗuwa, wanda ya tsira mai rabo ne, wanda ya durƙushe da ma ba nasa ba ne. Magana irin wannan tana sanyaya zuciya, ban musa ba, kuma mutumin da aka zalunta yana buƙatar abin da zai riƙe. Sai dai ba ta gaya wa Hajiya ko ta toshe lamba ta uku, ko ta kai ƙara wurin limamin unguwa, ko kuwa ta kira yarinyar su haɗa kuɗi su yi odar kaya tare don kuɗin dako ya ragu. Na ji masu ba da shawarar ta ƙarshen. Ni dai ban tabbata zan iya haɗa jari da wadda ta saci hotona ba.