Irin Gado Amana Ne

 

'Yan uwa, makon jiya wata tsohuwa da 'ya'yanta suka ɗauko daga ƙauye, bayan 'yan bindiga sun tashi garinsu, ta aiko min da wani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga irin kuɓewa da yakuwa da rama da gauta. Saƙonta shi ne, irin nan daga hannun kakarta ya fito, gonar kuwa ta koma daji, a ba wanda zai shuka don kada ya mutu a hannunta.

Jama'a, kullum muna sauke tumatir da tattasai a Bodija, amma mu nawa ne ke da ko tushe ɗaya a bayan ɗaki? 'Ya'yanmu da aka haifa a nan Ibadan sun san miyar yakuwa a kwano, ba su san ganyenta a tsaye ba.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi wa mai shuka albishir da ladan sadaka a kan duk abin da aka ci daga shukarsa, ko da tsuntsu ne ya ci. A Suratu Yusuf kuma, dabarar da ta tsirar da Masar daga yunwar shekara 7 ita ce barin hatsi a zangarniyarsa. Kun ga ashe tanadi ba rashin tawakkali ba ne.

Iri mai aure da ake sayarwa a leda yana da yabanya, ba mu kushe shi ba. Sai dai in ka ɗebi 'ya'yansa ka shuka baɗi, ba lallai su fito kamar uwarsu ba, dole ka sake saye. Irin gado kuwa kana shukawa kana ɗiba, har jikoki.

Ba sai kana da gona ba. Buhun shinkafa ko fasasshen bokiti ya isa: a huda ƙasansa, a zuba ƙasa da busasshen taki. Kuɓewa a jiƙa irinta kwana ɗaya kafin shuka, cikin wata 2 an fara tsinka. A bar 'ya'ya mafi kyau su bushe a jikin uwa, su ne irin baɗi. Ƙasar nan akwai laima, ƙullin tsumma ba ya riƙe iri kamar a gida. To a shanya shi sosai, a gauraya da toka, a rufe a kwalba. Wanda ke gidan haya ya fara neman izinin mai gida, in an tsinka kuma a tuna da maƙwabci, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Ga shi ruwa ya sauka. Mai so ya same ni bayan sallar Juma'a. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya karɓi ƙwaya 10, ya dawo wa masallaci da 20 bayan kaka, a ba wani.

Allah Ya saka wa baiwar Allah nan da alheri, Ya dawo da zaman lafiya garuruwanmu, Ya sa albarka a abin da muka shuka. Amin.

Sakataren Masallaci