Hanzari ko Gaggawa? Abin Lura a Koyon Zaidu ɗan Sabitu



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambaya ce ake yawan kawo mana bayan sallar Magariba: magidanci mai iyali, wanda watannin rani kaɗai gare shi tsakanin kaka da shuka, shin laifi ne ya nemi koyon sana'a ko karatu cikin ɗan lokaci? Ai mun taso muna jin ana zargin gaggawa.

Mu dubi Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi. A wajen shekara ta 4 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa, domin wasiƙu suna shiga suna fita, kuma bai amince wani bare ya karanta masa su ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa rabin wata bai cika ba sai da ya iya. Kwana 15! Babu wanda ya zarge shi.

To me ya sa abin ya yiwu? Ba daga fili ya fara ba: ya riga ya iya rubutun Larabci, kuma harsunan biyu dangin juna ne, baƙaƙen wancan 22, namu 28. Sannan bukatarsa tana da iyaka sananniya, wato ya karanta wasiƙa, ya rubuta amsa. Bai ce zai haɗiye littattafan malamansu ba. Abin da ya koya da safe kuwa aiki na jiransa da maraice. Mu da muke fara ɗinki yau, gobe gyaran rediyo, jibi Faransanci, rani ya ƙare ba mu riƙe ko ɗaya ba, ba ƙarancin lokaci ya cuce mu ba.

Amma ga wurin da muke so a tsaya. Shi wannan Zaidu, bayan yaƙin Yamama, lokacin da Sayyidina Abubakar ya ɗora masa tattara Alƙur'ani a shekara ta 12, ya ga nauyin abin ya fi ɗaukar dutse. Mahaddaci ne, duk da haka bai dogara da haddarsa ba. Ya bi rubuce-rubuce da ƙirazan mutane yana neman shaida. Mutum ɗaya, a can ya yi sauri, a nan ya ja ƙafa. Abin da ya sauya shi ne wanda kuskure zai faɗa wa.

Da wannan ma'auni muke amsawa. Wanda ke koyon ɗinki a kan tsumman kansa, ya yi sauri iyakar ƙarfinsa, ɓarnar tasa ce. Amma wanda ya yi wata biyu a gareji ya karɓi gyaran birkin motar da za ta ɗauki mutane daga Maraɗi zuwa Damagaram, ko ya kalli allura sau uku ya soma yi wa yaran unguwa, wannan rayukan wasu yake koyo da su. Mu malamai ma ba mu fita ba, don saki da rabon gado sun fi birki haɗari. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaida ya cancanta.

Saboda haka mai wata biyar a hannu ya zaɓi abu guda, ya zauna gaban gwani kullum, ya bar shi ya duba aikinsa kafin ya karɓi kuɗin kowa.