Wa Ake Ba Haƙuri?

Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO ta ba su wa'adin mako guda: su mayar da shi kan kujerarsa ko a zo musu da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Mu a Ɗan Barto da ido muka ga hukuncin. Manyan motoci sun yi jerin gwano nan da Kwangwalam, direbobi na kwana ƙarƙashinsu. Mai 'ya da ke aure a Mai'aduwa sai ya hau kabu-kabu ya ratsa gonaki in za shi suna. Kowa ya san in yaƙi ya tashi, a ƙofar gidajenmu za a fara shi, tsakanin mutanen da ke cin kasuwa ɗaya.

Tawagar sulhu ta farko da CEDEAO ta tura, ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta sauka Yamai ranar 3 ga Agusta, ta koma ba ta ga Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ba. Ranar 9 ga wata Muhammadu Sanusi II, wanda a lokacin ba ya kan gadon Kano, ya shiga wurinsa tare da Sarkin Damagaram. Ranar 12 malamai suka je ƙarƙashin jagorancin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Mako guda bayan nan Abdulsalami ya dawo, ya ga Tiani, ya ga Bazoum. Ba zan ce rawani kaɗai ya hana yaƙi ba, don Majalisar Dattawan Najeriya ma ta ƙi amincewa da shi. Amma masu rawanin sun zo ba da wa'adi a hannu ba. Sojan da aka ƙirga wa kwana bakwai a bainar jama'a, in ya sassauta ya zama matsoraci a idon yaransa. In malami ne ya ce masa "don Allah", yana iya sassautawa ya ce girman addini ya duba.

Na yi murna, har yau ina yi. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. An tsare jininmu, shi kuwa mutumin da aka yi rigimar a kansa ya ci gaba da zama a kulle tare da matarsa. Ba siyasarsa nake karewa ba. A majalisarmu ta bakin mai shayi akwai masu ƙaunarsa, akwai waɗanda ba sa son jin sunansa. Tambayata ta girmi siyasa: in an yi sulhu, wa ke biyan kuɗinsa, kuma an tambaye shi?

Na fara jin nauyin wannan tambaya ne a kan gonar kawuna, a wani ƙauye da ba shi da nisa da mu. Shanu suka shiga suka cinye masa wake tun kafin a saki gonaki. Dokar ƙasarmu ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan, a rubuta takarda, kafin a kai ga alƙali, kuma tsari ne mai kyau: wanda ya tuna abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, ba zai raina zaure ba. Aka taru. Yaron da ke kiwon ɗan haya ne, shanun na wani alhajin birni ne mai ba rabin garin bashin taki. Dattawa suka juya kan kawu ɗaya bayan ɗaya: "Malam, a yi haƙuri." "A bar wa Allah." "Zaman tare ya fi wake." Ba wanda ya dubi alhajin ya ce masa dabbobinka sun yi ɓarna. Kawu ya ce ya yafe, aka shafa fatiha. Daga ranar ya canja masallacin da yake sallar asuba.

Mutane na kafa hujja da cewa Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i, ya fifita sulhu. Gaskiya ne. Amma aya ta 9 a Suratul Hujurat da ta yi umarni a sasanta ɓangarori biyu na muminai ta ɗaure sasantawar da adalci, har ta ambaci ɓangaren da ya ƙetare iyaka. Ke nan mai shiga tsakani ba a ɗauke masa sanin mai laifi ba. A Bukhari da Muslim akwai labarin Ka'abu ɗan Malik da Ibn Abi Hadrad, da suka ɗaga murya a masallaci kan bashi. Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya amince. Nan take ya umarci ɗayan ya tashi ya biya saura. Kowa ya sami nasa umarnin, kuma ba a yi musun bashin ba. A zauren su kawu rabin farko kawai aka yi.

Malamanmu na Malikiyya sun halatta sulhu ko da wanda ake ƙara yana musu, Shafi'iyya ba su yarda da haka ba. Amma ko waɗanda suka halatta sun ce in mai musun ya san ƙarya yake, abin da ya riƙe bai zama halal gare shi ba. Takardar mai gari tana rufe shari'a a duniya ne kawai.

Wani zai kawo mini Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, inda aka karɓi sharuɗɗan da har Sayyidina Umar ya kasa haɗiyewa. To, a can ma akwai wanda ya biya: Abu Jandal, da ya iso cikin mari, aka mayar da shi hannun mahaifinsa Suhailu. Wannan ne wurin da ya fi yi mini wuya, kuma ba na jin akwai amsar da za ta share shi tas. Abin da na riƙe shi ne an fuskance shi, an gaya masa dalili, an yi masa albishir da mafita, ba a ce masa ba a cuce shi ba. Sayyidina Hasan kuwa, da ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki a shekara ta 41, haƙƙinsa ne ya bayar, da zaɓinsa. Ba wasu ne suka taru suka bayar a madadinsa ba.

CEDEAO ta janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris iyakarmu ta buɗe, motoci suka tashi. Kotu ta cire wa Bazoum rigar kariya a Yunin shekarar. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata, shi yana nan a tsare, ba a gurfanar da shi ba. Da ina da bakin da zai kai kunnen malaman nan da sarakunan, da na roƙe su su sake ɗaura rawani su koma Yamai. In akwai tuhuma a kansa, a karanta masa ita gaban alƙali ya amsa. In babu, a buɗe masa ƙofa.