Wake Ɗaya Shi Ke Ɓata Gari?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, na ga ya kyautu in baje ta a wannan fili domin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su taya ni dubawa. Tambayar ita ce: idan taron jama'a ya yi laifi da baki, wa zai ɗauki alhakin? Wanda ya ɗaga murya, ko wanda ya amsa, ko kuwa har da wanda yake kusa ya yi gum da bakinsa? Ban ga inda wannan tambaya ta fito sarari ba kamar filayen ƙwallon ƙafa na ƙasar Italiya, saboda haka can za mu dosa.

A yawancin filayen ƙasar, bayan kowace raga akwai wani sashe mai lanƙwasa da suke kira kurba, inda kuɗin shiga ya fi araha. Nan ne matattarar 'yan ga-ni-kashe-ni, waɗanda ake kira ultra. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu na farko ita ce Fossa dei Leoni, watau Kogon Zakuna, wadda magoya bayan AC Milan suka kafa a 1968. Mutanen kurba a tsaye suke kallo, da ganguna da manyan tutoci, ga jagora ya juya wa wasan baya, yana riƙe da lasifika yana ba da waƙa suna karɓa, tamkar zabiya da 'yan amshi. Wannan armashi yana daga cikin abin da ya cika filayen Italiya a da. A kakar wasa ta 1984 zuwa 1985, zamanin da Maradona yake Napoli, Platini kuma yake Juventus, in an raba daidai kowane wasa na babban rukuni, watau Serie A, yakan sami 'yan kallo fiye da 38,000.

To, amma bakin da ya iya kirari shi ne ya iya zambo. Magoya bayan wasu kulob na arewacin ƙasar sun daɗe suna yi wa mutanen Napoli gori da annobar kwalara da ta auka musu a 1973 da girgizar ƙasa ta 1980, har suna roƙon dutsen Besubiyas mai aman wuta ya cinye su. Baƙaƙen 'yan wasa kuwa kukan biri ake yi musu. A 2005 Marco Zoro, mutumin Kwaddebuwa mai yi wa Messina wasa, ya ɗauki ƙwallo a hannu yana neman a tsai da wasa. A Janairun 2013 Kevin-Prince Boateng ya fice daga fili a wani wasan sada zumunci, abokan wasansa na Milan suka bi shi.

Ana cikin haka filaye suka yi ta zubewa. A kakar 2006 zuwa 2007 lissafin ya faɗo ƙasa da 20,000, watau kusan rabin na da. Ba daidai ba ne a ɗora wa waƙa laifin duka, don dalilan suna da yawa. Tun 1993 aka fara nuna wasanni kai tsaye a talabijin na biya, mutum ya kalla daga ɗakinsa. Yawancin filayen mallakar hukumomin birane ne, sun tsufa ba gyara. A 2006 aka bankaɗo maguɗin zaɓen alƙalan wasa, har aka mai da Juventus rukuni na biyu. A Fabrairun 2007 kuma aka kashe wani ɗan sanda, Filippo Raciti, a tarzomar wasan Catania da Palermo. Hukuma ta tsananta: tikiti sai da sunan mai shi, a 2010 kuma aka sa dokar cewa sai da katin shaida na musamman mutum zai bi kulob ɗinsa wani gari. Amma duk da haka, magidancin da yake son ya kai ɗansa kallo dole ya tambayi kansa abin da kunnen yaron zai kwaso.

Maganin da hukumar ƙwallo ta fi dogara da shi shi ne kama kulob da laifin magoya bayansa, ko da shi kulob ɗin bai sani ba. A ci shi tara, ko a rufe kurba, ko a rufe filin baki ɗaya. Alal misali, bayan an yi wa Kalidou Koulibaly na Napoli kukan biri a filin San Siro a Disambar 2018, an hukunta Inter da yin wasa biyu ba 'yan kallo. Masu goyon bayan wannan hanya suna cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma in wahala ta game kowa, jama'a da kansu za su tsawata wa mai ɓarna. Wannan hujja tana da ƙarfi, ba na raina ta. Sai dai abubuwa uku da suka faru sun sa ni shakka.

Na farko, a 2013 da aka fara rufe kurba saboda zagin Napoli, sai ga 'yan kurbar Napoli da kansu suna rera waƙoƙin zagin garinsu, don nuna wa hukuma cewa suna tare da abokan gabarsu. Hukuncin da aka yi don ya ware masu laifi sai ya haɗa kansu. Na biyu, a Disambar wannan shekara da aka rufe wa Juventus kurba, sai aka cika wurin da yara kimanin 12,000. Me ya faru? Yaran suka dinga zagin mai tsaron ragar Udinese da kalmar da suka saba ji a bakin manya, aka sake cin kulob tarar Yuro 5,000. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na uku, a Afrilun 2017 Sulley Muntari, mutumin Gana mai yi wa Pescara wasa, ya kai ƙara wurin alƙalin wasa cewa ana zaginsa a Cagliari, sai aka ba shi katin gargaɗi, ya fice. Hukuma ta ce masu zagin ba su wuce mutum 10 ba, sun yi kaɗan a hukunta kulob, aka dakatar da Muntari wasa ɗaya, sai daga baya aka soke. Ka ji inda dokar taro ta kai mu: in masu laifi sun yi yawa a haɗa da marasa laifi, in sun yi kaɗan su sha.

A nawa ganin, kuskuren shi ne gwama abu biyu da ba ɗaya ba, watau hukunci da alhaki. Hukunci na mai laifi ne shi kaɗai, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kuma gano shi ba gagarau ba ne a filin da kowane tikiti yake da suna, ga kyamarori ko'ina. A Janairun 2024 da aka zagi Mike Maignan, mai tsaron ragar Milan, a garin Udine, cikin 'yan kwanaki aka gano wasu daga cikin masu zagin, kulob ɗin Udinese ya haramta musu shiga filinsa har abada. Wanda ya sayi tikitinsa da guminsa, bai zagi kowa ba, ban ga dalilin kulle masa ƙofa ba.

Amma alhaki ya fi hukunci faɗi. Mu koma kan mutum 10 na Cagliari. Ai ba a dokar daji suke ba, kowannensu yana da na dama da na hagu. Muntari da kansa ya ba da labarin cewa cikin masu zaginsa har da wani ƙaramin yaro, iyayensa suna tsaye kusa, shi kuwa ya je ya ba yaron rigarsa don ya koya masa hali. Wanda ake zagi ya yi tarbiyyar da iyaye suka kasa. Mai zagi a taro da shirun maƙwabtansa yake taƙama, yana ɗauka abin da yake ransu ne ya faɗa. Alƙali ba shi da hanyar ɗaure mai shiru, amma shiru ma magana ce.

Wani zai ce da ni, “Kai ɗalibi, kana zaune a inuwa kana ba da fatawa. Ka san su wane ne shugabannin kurba?” Gaskiya ne, tsoron yana da tushe. A Satumbar 2024 'yan sanda sun kama mutum 19, cikinsu har da shugabannin kurbar Inter da ta Milan, bisa zargin ƙwace da duka, wasunsu kuma da hulɗa da ƙungiyar masu aikata manyan laifuka ta 'Ndrangheta. Ba zan ce wa kowa ya je ya tari aradu da ka ba. Amma tsakanin faɗa da amshi akwai matakai: mutum ya ƙi karɓa waƙar, ya rufe ta da tafi ko fito, ya ba da shaida in an nema, ya gaya wa ɗansa a hanyar gida cewa abin da ya ji ɗin nan abin kunya ne. Abin da mutum ɗaya yake tsoro, mutum dubu ba su tsoronsa.

Saura wanda ya tattara ya koma gaban talabijin. Ba na zarginsa, kowa yana da ikon tsare mutuncinsa da na iyalinsa. Amma ya sani kujerar da ya bari ba ta tsawata wa kowa. Duk sa'ad da mutumin kirki ɗaya ya fita, muryar mai zagi ƙara fitowa take yi, wani mutumin kirkin ya ji shi ma ya fita. Haka wuri yake komawa hannun waɗanda suka fi kowa rashin kunya, ko filin wasa ne, ko ƙungiya, ko zauren taron ɗalibai.

Daga baya dai mutane sun komo. A kakar 2023 zuwa 2024 lissafin 'yan kallo ya sake haura 30,000. Amma mu tuna, a cikin wannan kakar ce aka zagi Maignan, ashe cikar fili kaɗai ba ta wanke baki. Saboda haka amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce: wake ɗaya yana ɓata gari ne in mai niƙa ya gan shi ya kau da kai. Hukuma ta tsince shi shi kaɗai, kada ta zubar da garin. Mu kuma da muke tsaye cikin taro, kowane iri ne, kowa ya tambayi kansa abin da ya yi sa'ad da na kusa da shi ya buɗe baki. In malamaina ko 'yan'uwana suna da wani gani dabam, fili a buɗe yake.