Bangaskiya da Riƙon Amana a Ikilisiyoyin Dutse

Kiristocin Dutse da kewayenta tsiraru ne a cikin al'ummar da galibinta Musulmi ne, kuma ba tushensu ɗaya ba. Akwai Hausawa 'yan ƙasa, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya har bishara ta iske su ta hannun 'yan mishan irin na SIM, waɗanda suka taɓa buɗe makaranta a Roni. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da suka kwararo bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Sannan ga ɗalibai da malaman Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Wannan cakuɗuwa ce ta mayar da wata tsohuwar tambayar malaman tauhidi abin fama na kullum a wurinsu: shin mutum zai iya dogara ga Allah da gaske alhali bai riƙe amanar ɗan'uwansa mai bi ba?

A koyarwar Kirista, bangaskiya ta wuce amincewa da baki cewa akwai Allah, domin tana nufin mutum ya jingina rayuwarsa ga alkawarin Ubangiji ko da bai ga cikarsa ba tukuna. Sai dai abin da ke cikin zuciya ɓoyayye ne, har mai shi yana iya ruɗin kansa, shi ya sa Wasiƙar Yaƙubu da Wasiƙar Yohanna ta fari, a cikin Littafi Mai Tsarki wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, suka ɗora ma'aunin a kan yadda mai bi yake yi da ɗan'uwan da yake gani da ido. Ikilisiya kuwa, a wannan fahimta, jama'ar masu bi ce, ginin da suke taruwa a ciki shi ne majami'a.

Ana ganin wannan riƙon amana a ƙananan abubuwa. Idan aka tashi daga sujada ranar Lahadi, dattawa biyu ko uku ne suke zama su ƙirga baiko, wato kyautar da masu bi suka bayar, su rubuta a littafi kowa ya sa hannu, ba don ana zargin ma'aji ba, sai don a tsare shi daga jaraba da bakin mutane. Da kaka manoman ƙauyuka sukan kawo dammunan gero da dawa da kwanon riɗi gaban bagade domin godiya, kuma daga cikinsu ake ciyar da mai bishara da gwauraye. Zumuntar mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, ita ce ke fara isa gidan rasuwa da gidan haihuwa, da ankonsu da tukwanensu, tun kafin fasto ya ɗaura takalmi.

Ana iya ɗaukar tarzomar Satumba 2006, lokacin da aka ƙona majami'u a Dutse bayan zargin ɓatanci, a matsayin babban gwajin amincin masu bi. Gwaji ne kam, amma ranar tsoro takan haɗa kan mutane ko ba su shirya ba. Wanda ya fi wuya shi ne na tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ɗan'uwa ya zo rancen hatsi, mai hatsin kuma bai san yadda amfanin bana zai kasance ba. A nan dogara ga Allah da taimakon ɗan'uwa suke zama hukunci guda da za a yanke a bakin rumbu.

Amincin nan yana da haɗarinsa. Yakan rikiɗe ya zama rufa wa shugaba asiri idan ya ci dukiyar jama'a, da sunan kada na waje su ji, alhali amanar da ke wuyan mai bi ta haɗa da tsawatarwa, kuma ta kai ga maƙwabcinsa Musulmi da yake ciniki da shi. Yakan kuma tsuke ya koma ƙabilanci, musamman inda ake sujadar Turanci dabam, ta Hausa dabam, har manomi ɗan ƙasa da ma'aikaci baƙo su shekara a majami'a ɗaya ba su san sunan juna ba, sai ranar jibin Ubangiji ta gama su a layi guda.