Bashin da Ba Ka Ci Ba

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, wanda aka rubuta maka alhali ba ka ci ba fa?

A 2024 asusun NELFUND ya fara biya wa ɗalibai kuɗin makaranta bisa rance. A 2025 wasu suka koka cewa sun riga sun biya da kansu, asusun ya sake biya, makarantu suka riƙe rarar. Ranar biya kuwa, ɗalibin za a nema.

Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ta Fagge ko Sabon Gari ba ya biya sai an buɗe littafi. Neman hujja ba taurin bashi ba ne. Biya abin da ka ci. Saura a tambayi wanda ya riƙe.