Ƙasa amana ce: a tsabtace juji kafin a yanka filaye

 

Garuruwanmu suna faɗaɗa. Kududdufin da aka cike da shara jiya, da tsohuwar majema, da wurin zubar da baƙin mai da matattun batura, yau su ake yankawa filaye ana sayar wa talaka. Ya gina ɗaki, ya haƙa rijiya, ƴaƴansa su yi rarrafe bisa guba.

Ku ɗauki darasi daga maƙwabtanmu na Zamfara. A shekarar 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya cikin gidaje ta kashe yara wajen 400, alhali ido bai ga komai a ƙasar ba. Magani bai yi amfani ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gida, aka binne ta nesa, aka zubo sabuwa.

Don haka wajibi ne magajin gari da ƴan majalisarsa su ƙidaya irin waɗannan wurare, a auna ƙasarsu da ruwansu, a kwashe dattin kafin a sa hannu ga takardar fili. Wanda ya ɓata wuri, shi zai biya gyaransa.

Kai kuma mai sayarwa, ka sani ɓoye aibin haja algus ne, shari'a ta haramta shi. Faɗa wa mai saye abin da ke binne.

Allah ya kare zuriyarmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana. Amin.